Ɗan zanzaron da ke gadin buhun shinkafa

Wasiƙun da suka taru a gabana wannan watan, fiye da rabinsu kukan asu ne a cikin shinkafa, kuma da yawa daga cikin masu rubutowa sun ji labarin wani ɗan zanzaro da ake saki ya yi maganinsa. Na zaɓi guda biyar. Ta farkon ce ta fi cin wuri, domin amsarta ce tushen sauran.

Assalamu alaikum Malam. Ina da sito da nake ajiye gyararriyar shinkafa, buhu kusan 200 a lokaci guda. Wata biyu ke nan, da zarar magariba ta yi sai in ga wasu 'yan ƙwari masu fiffike, masu launin toka, kamar ƙananan malam-buɗe-littafi, suna shawagi a saman buhunan. Da na kwance buhu ɗaya sai na tarar shinkafar ta dunƙule curi-curi da wani zare kamar saƙar gizo, ga fararen tsutsotsi a ciki. Ɗana da ke karatu ya ce akwai zanzaron da ake saki a sito ya kashe su. Ni dai abin bai kwanta mini ba. Ta yaya za a kori ƙwaro da ƙwaro? Ba zai harbi yaran sito ba? In ya gama da asun kuma, ba shinkafar zai koma wa ba? Mai Sito.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Yaron nan gaskiya ya faɗa maka, Allah ya ƙara masa basira. Amma bari mu san ɓarawon tukuna kafin mu zo kan mai gadi.

Launin toka da dunƙula shinkafa da zare sun fi kama da aikin asun shinkafa, wanda masana ke kira Corcyra cephalonica. Yana da 'yan'uwa masu irin halinsa, kamar Plodia interpunctella, mai fiffike rabi fari-fari rabi ruwan tagulla, da Cadra cautella, wanda ya addabi manyan ɗakunan ajiya a ƙasashe masu zafi. Wanda kake gani yana tashi da magariba ba ya taɓa ƙwayar shinkafa ko ɗaya. Barbara da saka ƙwai ne kaɗai aikinsa, kwanakinsa a duniya kuma ba su da yawa. Mace ɗaya tana zuba ƙwai sama da 100, wani lokaci sama da 200, a jikin buhu, a bakin ɗinki, a tsakanin ƙwayoyi. Kafin mako ya zagayo sun ƙyanƙyashe. Tsutsar ita ce mai ɓarna: ta ci, ta yi kashi a ciki, ta riƙa fitar da zare daga bakinta tana ɗaure ƙwayoyin. In ta ƙoshi sai ta saƙa wa kanta ƙwanso, ko a cikin buhun ko a wata ɓaraka ta bango, ta kwanta a ciki har ta fito da fiffike. A wuri mai ɗumi zagayen nan duka wata ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi. Wata biyun da ka ambata ke nan ya ishi 'ya'yan waɗanda ka fara gani su fara zuba nasu ƙwan.

To, ka san zanzaron da ke gina ɗakin laka a jikin bango? Yakan ɗauko tsutsa ko gizo-gizo, ya harbe su su sandare ba tare da sun mutu ba, ya cusa su a ɗakin, ya saka ƙwansa, ya liƙe. Ɗansa yana fitowa ya tarar da abinci ɗanye yana jiransa. Waɗanda ɗanka ke nufi dangin wannan ne, sai dai ƙanana ne ƙwarai, ba sa gini, kuma asun hatsi suka sa a gaba. Gaba da gabanta, in ji masu iya magana.

Biyu ne suka fi shahara. Na farko sunansa Habrobracon hebetor, tsawonsa milimita 2 zuwa 4, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Macen tana bin warin tsutsar asu da na kashinta har ta cim mata, ta soke ta da ƙarinta, ta zuba mata dafi. Tsutsar ta daina ci nan take, kuma ba za ta ƙara tashi ba. Sannan ta ɗora 'yan ƙwayayenta a jikin tsutsar ko a gefenta. 'Ya'yan su ƙyanƙyashe, su manne, su tsotse ta sai fata, su saƙa 'yan fararen ƙwansuna a wurin. In zafin ɗakin ya kai digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos, kwana 10 zuwa 12 sun isa sababbi su fito su ci gaba da farauta.

Ban manta ranar da na fara ganin wannan da idona ba. Ina ɗalibi, malaminmu ya ajiye mana kwalba mai ɗan tsakin shinkafa da tsutsotsi goma, ya saki mace ɗaya a ciki, ya miƙo mini gilashin ƙara girma. Tsutsar ta fi ta girma nesa ba kusa ba, tana ta fizge-fizge. Ita kuwa ta tsaya gefe, ta lanƙwaso cikinta ta tsakanin ƙafafunta, ƙarin ya miƙe gaba, ta yi haƙuri har tsutsar ta lafa, sannan ta soka sau ɗaya ta ja da baya. Washegari na ƙirga: bakwai daga cikin goman sun sandare, amma uku kaɗai ta saka wa ƙwai. Wannan halin nata ne ya sa nake girmama ta. Tana shanyar da tsutsa fiye da wadda take buƙata, kuma duk wadda ta harba, ko an saka mata ƙwai ko ba a saka ba, ta gama cin shinkafar mutane ke nan.

Na biyu shi ne Trichogramma, wanda bai kai rabin milimita ba. In ya sauka a kan farar takarda za ka ɗauka ƙura ce, sai ka ga ƙurar tana tafiya. Shi ba ya jiran tsutsa ta fito. Macen tana yawo a ƙafa a jikin buhu, in ta ci karo da ƙwan asu sai ta daddaɓa shi da 'yan ƙahonninta ta auna girmansa, ta huda, ta saka nata ƙwan a ciki. Ɗanta ya cinye abin da ke cikin ƙwan. Bayan kwana 4 ko 5 ƙwan asun da ke fari ya koma baƙi, a wajen kwana na 10 kuma ɗan zanzaro ya fito a maimakon tsutsa. Komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce.

Kowannensu da inda ƙarfinsa ya tsaya. Mai bin ƙwai ba ya nutsawa cikin tarin hatsi, iyakarsa sama-sama, don haka ya fi amfani a jikin buhun da bai yage ba, inda zai tare ƙwan tun kafin tsutsa ta sami ƙofar shiga. Mai bin tsutsa kuwa yana shiga ɓaraka, yana bin ramin da tsutsa ta huda, yana kama waɗanda suka fito yawon neman wurin kwanciya. Wani bincike da aka yi a jihar Kansas ta Amurka, aka wallafa a 2006, ya gwada su a kan garin masara, ya kuma nuna haka: mai bin ƙwai ya fi kare garin da ke cikin jaka, mai bin tsutsa ya fi aiki a garin da ke buɗe, kayan da ke cikin jaka kuma sun fi samun kariya da aka haɗa su biyun. Akwai na uku, Venturia canescens, siriri mai jan ciki, wanda ke saka ƙwai a cikin jikin tsutsar. Shi matsalarsa tsutsar tana ci gaba da cin hatsi har sai ta kusa girma kafin ya kashe ta, don haka ni ban sa shi a sahun gaba ba.

Tambayoyinka biyu na ƙarshe amsarsu gajeriya ce. Ba sa harbin mutum. Ba su da gidan da za su kare kamar rina ko zuma, ƙarin nasu kuma na farauta ne da saka ƙwai. Ba sa kuma cin shinkafa. 'Ya'yansu ba sa rayuwa sai a jikin asu, don haka ranar da asu ya ƙare su ma sun ƙare.

Yanzu ga abin da ba zan ɓoye maka ba, Alhaji. Yadda ka kwatanta sitonka, sakin zanzaro kaɗai a yau ihu ne bayan hari. Zanzaro ba ya warware zaren da aka riga aka saƙa, ba ya kwashe kashin tsutsa, ba ya mayar da ƙwayar da aka ci. Aikinsa hana 'yan kaɗan su zama dubbai. Don haka ka fara da aikin hannu. A fito da buhunan duka, a ware masu curi daban, a rairaye su, a bakace, a shanya a rana mai zafi a shimfiɗe ba da kauri ba, domin zafin da ya haura digiri 50 yana kashe ƙwai da tsutsa in ya ratsa su. A share siton tun daga rufi har ƙasa, a kankare ƙwansunan da ke kusurwa da ƙarƙashin katako, a ƙone sharar, kada a zuba ta a bayan ɗaki. A toshe ɓarakar bango. Tsofaffin buhunan da aka jibge a lungu su ne maɓoyar asu ta farko, a fitar da su. In an dawo da kaya a ɗora su a kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango yadda mutum zai iya zagayawa da fitila. Danshin shinkafar kuma kada ya wuce kashi 14 cikin 100, in za ta yi watanni da yawa ma a sauko da shi zuwa 13.

In ɓarnar ta fi ƙarfin rariya, a kira wanda ya ƙware a turara hatsi da iskar fosfin, ya rufe kayan ruf da tamfol na aƙalla mako guda. Ina roƙonka da girman Allah kada a bar yaran sito su yi wannan da kansu, kada kuma a yi shi a ginin da wani ke kwana a ciki ko a maƙwabcin ɗaki. Ƙwayar magani ɗaya mai nauyin giram 3 tana fitar da kusan giram 1 na iskar, iskar tana ratsa ɓarakar bango, kuma gubarta ba ta da makari. Wannan haɗarin ne ma babban dalilin da ya sa na damu da maganar zanzaro. Bayan an buɗe tamfol, iska ta kwashe gubar sarai, lokacin ne za ka saki masu gadinka, su tsare maka tsabtataccen kaya daga asun da zai shigo daga waje.

Malam, barka da aiki. Ni uwar gida ce, asu ya dame ni a kabad ɗin kicin inda nake ajiye shinkafa. Na ji maganar zanzaron nan, amma gaskiya ƙyanƙyami nake ji. Ashe ba ƙwari zan ƙara wa abincin 'ya'yana ba? Uwar Yara.

'Yar'uwa, ƙyanƙyaminki na uwa ne, ban ga laifinsa ba. Amma ki auna abu biyu. Tsutsar asu ɗaya ta kai tsawon santimita ɗaya ko fiye, ta yi makonni tana kashi da saƙa a cikin abincin. Trichogramma kuwa, wanda shi ake amfani da shi a gidaje, kwana kaɗan yake yi ya mutu, gawarsa ta bi ƙurar kabad, shafa ɗaya da tsumma ta tafi. Wanda ya faɗa cikin shinkafa kuma wankin farko zai ɗauke shi. Ba shi da guba, ba ya ɗauke da cutar mutane.

Ba sabon abu ba ne kuma. A Jamus matan gida suna yin odarsa ta gidan waya. Yana zuwa a ɗan kati mai ɗauke da ƙwai 2,000 zuwa 3,000 da 'ya'yan zanzaro ke ciki, a ajiye kati ɗaya a kowane hawa na kabad, a sabunta bayan mako 2 ko 3, har a yi wajen mako 9 ko 10. A Amurka ma tun 1992 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta sahale a yi amfani da irin waɗannan ƙwari a cikin hatsin ajiya, har da shinkafa.

Duk da haka, in 'yar shinkafar kicin ce, shawarata ta fi wannan sauƙi. Ki zubar da wadda ta dunƙule sosai. Sauran ki ƙulle a leda ki sa a firiza mai daskarar da abu ta yi mako guda, sanyin zai kashe ƙwai da tsutsa duka. Ki wanke kabad ɗin, ki bi kusurwoyi da ramukan ƙusa da tsinke, domin nan suke kwanciya. Daga nan ki riƙa zuba shinkafa a mazubin gilashi ko na roba mai kauri mai murfi gam, domin tsutsar asu tana huda leda da takarda. Sai in kin yi duk wannan asu bai daina fitowa ba, alamar yana da maɓoyar da hannunki bai kai ba, a nan katin zanzaro ke da rana.

Malam, ni manomi ne, shanshera nake ajiyewa ba gyararriya ba. Ban ga saƙar da ake faɗa ba, amma in na ɗebo sai in ga ƙwayoyi da yawa da ɗan rami zagayayye, ba nauyi, ga wasu 'yan asu ruwan ƙasa-ƙasa suna tashi in na taɓa. Wannan zanzaron zai yi mini aiki? Manomi.

Ɗan'uwa, naka ɓarawon daban ne, kuma ya fi wayo. Sunansa Sitotroga cerealella, Turawa kuma suna kiransa da sunan Angumuwa, wani tsohon lardi a Faransa inda ya yi wa alkama mummunar ɓarna a ƙarni na 18. In ka kama ɗaya ka buɗe fiffikensa na baya, za ka ga yana da tsini kamar ɗan yatsa, da dogon geza a gefe.

Shi tun daga gona yake biyo shinkafa, kafin ma a yanka. Tsutsarsa tana ƙyanƙyashewa sai ta nemi inda ɓuntun ya ɗan buɗe ko ya tsage, ta shige cikin ƙwayar, ta zauna a ciki har ta girma. Kafin ta kwanta takan ɓare wata 'yar taga a jikin ɓuntun ta bar siririn murfi, ta nan asun zai fito. Ramin da kake gani ƙofar fita ce, mai gidan ya riga ya tafi.

Saboda haka Habrobracon, duk ƙwazonsa, ba gwaninka ba ne, tsutsar ba ta fito fili ba balle ya same ta yadda yake so. Trichogramma yana kama ƙwan tun kafin ya ƙyanƙyashe, kuma a nan akwai sa'a guda: asun nan jikinsa ba ƙwari, ba ya iya kutsawa can cikin tari, yawancin ƙwansa a saman hatsi yake sakawa, daidai inda ɗan zanzaron ke yawo. Akwai kuma wasu ƙanana baƙaƙe, irin su Pteromalus cerealellae da Anisopteromalus calandrae, da ke gane ƙwayar da tsutsa ke ciki, su soka ƙarinsu su same ta a can. Na biyun ya fi shahara wajen farautar ƙwaron hatsin nan mai dogon baki. Sau da yawa da kansu suke zuwa. In ka ga 'yan baƙaƙen ƙwari kamar ƙananan tururuwa masu fiffike suna yawo a saman shansherarka ko a jikin taga, kada ka yi saurin kawo feshi, ƙila ma'aikatanka ne.

Amma ga manomi irinka, abin da na fi amincewa da shi shi ne girbi a kan kari, sussuka ba tare da farfasa ɓuntu ba, bushewa sosai, sannan buhun nan mai hana iska shiga, irin wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro mai leda biyu a ciki da saƙaƙƙen buhu a waje. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe iskar da ta rage su mutu. Ka sani dai, shi ma zanzaro numfashi yake yi, ba a sa shi a cikin wannan buhu.

Malam, na sayi katunan nan na sa a ɗakin ajiyata, mako uku ke nan asu bai daina tashi ba. Kafin su iso na fesa maganin ƙwari a bango da buhuna don in rage musu aiki. Anya ba yaudara ba ce? Mai Kokwanto.

Malam, ba yaudara ba ce, feshin ne ya kashe maka su. Irin maganin da ake fesa wa bango an yi shi ne don ya daɗe yana kisa, makonni ko watanni. Ɗan zanzaron da ke tafiya a ƙafa a kan wannan buhu, da ɗan jikinsa, ya riga asu mutuwa. Na taɓa ganin haka a wani babban ɗakin ajiya da aka kira ni. Mai wurin ya yi komai daidai, sai wani ma'aikaci, da kyakkyawar niyya, ya riƙa kunna maganin sauro na hayaƙi kowane dare a ciki. Na ɗaga katunan na tarar da 'yan gawarwaki a zube ƙarƙashinsu kamar garin barkono. Har garin farar ƙasar nan da ake barbaɗa wa hatsi don ya busar da jikin ƙwari, ba ya bambanta aboki da maƙiyi.

Ko da ba ka yi feshi ba, mako uku ya yi kaɗan. Trichogramma ƙwai kaɗai yake kamawa. Duk tsutsar da ta riga ta ƙyanƙyashe, da wadda ke kwance a ƙwanso, za su ƙarasa girma su tashi, su sake zuba ƙwai. Shi ya sa ake sabunta kati har sai tsofaffin duk sun fito, ƙwansu kuma ya tarar da masu jiransa. Kati ɗaya ba ya gama aiki. Ka duba kuma yadda katin ya iso hannunka, domin abu ne mai rai. In ya kwana a mota mai zafi ko rana ta doke shi, ko ya yi kwanaki a aljihu, sun mutu ko sun fito sun watse a hanya. Sanyin da ya gaza digiri 15 yana sa su kasala, zafin da ya haura 35 kuma yana halaka su. Tururuwa ma tana kwashe ƙwan da ke jikin kati. A ɗora katin a kan kayan kansu, hawa-hawa, domin ba gwanayen tashi ba ne.

In kana son sanin ko aiki na tafiya, ido kaɗai ba ya isa. Ka rataye tarko mai danƙo wanda ke fitar da ƙamshin macen asu yana jawo maza, guda ɗaya ko biyu, nesa kaɗan da katunan. Kowane mako ka ƙirga abin da ya kama ka rubuta. Lissafin mako na shida da na takwas ne zai ba ka amsa. Amma yanzu ka dakata da sayen kati, sai ƙarfin feshin nan ya gushe, in da hali ma a wanke bango a sauya buhunan.

Malam, ni ɗalibin aikin gona ne. Zan iya kiwon waɗannan zanzaro da kaina? Ɗalibi.

Ɗana, za ka iya, kuma tambayarka ta faranta mini rai. Abin da zai ba ka mamaki, da asun kansa ake kiwonsu. A ƙarshen shekarun 1920 wani masanin ƙwari a Kalifoniya mai suna Stanley Flanders ya gano yadda za a tara ƙwan Sitotroga da yawa a riƙa renon Trichogramma a ciki, daga nan aka sami hanyar samar da su miliyoyi. A Indiya kuwa ƙwan asun shinkafa ake amfani da shi, a haska masa wani irin haske da ke kashe ɗan da ke ciki don kada tsutsa ta fito, sannan a manna shi a kati. Wannan yana son kayan aiki da kulawa ta kullum, ka bar shi sai ka sami ɗakin gwaji.

Ka fara da Habrobracon, shi ba ya son wahala. Ba sai ka saya ba ma. Ka sami tsakin shinkafa mai tsutsar asu, ka zuba a kwalba, ka rufe bakin da raga mai ramin da ɗan zanzaro zai shiga amma asu ba zai fita ba, ka ajiye a tsohon ɗakin ajiyar hatsi da ba a yi wa feshi ba. Sau da yawa cikin mako ɗaya ko biyu za ka tarar da tsutsotsi a sandare da fararen ƙwansuna a gefensu. Ka ɗebe waɗannan ka sa a wata kwalba mai murfin ƙyalle.

Idan sun fito, ka bar maza da mata tare kwana ɗaya ko biyu kafin ka raba su. Kada ka yi wasa da wannan, domin a jinsinsu ƙwan da namiji bai taɓa ba namiji yake zama, mace kuwa sai daga ƙwan da aka yi wa barbara. Macen da ba ta haɗu da namiji ba za ta cika maka kwalba da maza zalla, maza kuwa ba sa harbin tsutsa. Gane mace ba wuya, tana da ɗan tsinke baƙi a ƙarshen cikinta, namiji ba shi da shi. Ka ɗiga musu ɗan ruwan zuma a jikin ƙyallen, yana ƙara musu kwana.

Daga nan kowace kwalba ka sa manyan tsutsotsi kamar 20, waɗanda suka kusa kwanciya, domin su ta fi so, ka saki mata biyu. Ka ajiye a inuwa, a kan kwano mai ruwa don tururuwa. Kwalaben da kake kiwon asun kuma su yi nesa da duk inda aka ajiye hatsi, a rufe su gam, kada garin neman gira a rasa ido. Ka buɗe littafi ka riƙa rubuta ranar da ka saki matan, tsutsa nawa ta sandare a rana ta biyu, ƙwanso nawa ka gani a rana ta bakwai, da ranar da na farko ya fito. In ka kai zagaye na uku ka rubuto mini, ina son in ji mata nawa da maza nawa ka ƙirga a kowace kwalba.